Ƙaryata a Kayen Mushe Habu

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Mushe Habu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dungas, inda ake kiran malami Mushe, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa masa ba.

Shi ya koya mini darar Turawa da ake kira eshek, ya kuma yi shekaru yana lallasa ni yana dariya. Da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa wurina a Magariya, sai muka koma bugawa ta salula, kowa ya aiko da taku ɗaya a rana. Nan zuciya ta ci ni. Na sa injin eshek a salulata, in shigar masa da takun Mushe, ya ba ni amsa. Wata rana injin ya ce in ba da dokina a banza, na bayar. Bayan kwana tara Mushe ya sallama.

Ranar kasuwa sai ga shi a kan kabu-kabu, yana ɗingishi.

"Sani, don Allah yaya aka yi ka hango dokin nan? Sati guda ina juya shi."

"Tunani ne kawai, Mushe."

Ya riƙe hannuna ya ce yau ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Ni kuwa, marar kunya, na washe baki.

Yanzu an ce injunan nan suna ajiye duk wani zaman allo da suka taɓa nazari. In sun sake cin karo da shi ba sa farawa daga farko, ramin da suka taɓa faɗawa kuma ba sa komawa. Da Mushe yana raye sai ya ce, "Ai kayena ke nan, sai dai shi ba ya cin caji." Haka yake yi. Duk wasan da aka ci shi sai ya zana allon a kaye, wato littafin rubutunsa, ya rubuta inda ya kauce da sunan wanda ya ci shi.

Bayan sadakar arba'in uwargidansa ta miƙo mini kayen. A shafi na kusa da ƙarshe ya rubuta: "Dokin Sani. Ɗalibi ya wuce malaminsa." Tsofaffin ɗalibansa a Dungas har gobe da wannan suna suke koyar da takun, ni kuma ina jin su ina shiru.

Abin da ya bari shi ne mutanen da ba sa jin kunyar rubuta kuskurensu. Na karanta kayen nan kaf, ƙarya ɗaya ce a ciki, kuma ni na sa shi ya rubuta ta da hannunsa. Mutanen Dungas, ku cire sunana. Allah Ya jiƙan Mushe, bai taɓa shan kashi a hannuna ba.