Katin Mamadou a Cikin Laya

Ranar 9 ga Maris 2010 na fara ganin Housseina, a ofishinmu mai kula da iyalan sojoji a Sabha. Ni aka turo wa ita saboda ina jin Hausa. Malama Yasmina, mai binciken tarihin matan sojoji baƙar fata, ita ta roƙe ni in rubuta abin da na sani.

Mijinta Mamadou mutumin Tanout ne. An ɗauke shi soja a 1986 da alkawarin zama ɗan ƙasa, ya mutu a yaƙin Cadi shekarar da ta biyo. Ya bar ta da jariri, Ayouba. Shekara ashirin da uku tana neman a rubuta ta matar soja, don ɗan ya samu takardar ƙasa. Na duba fayil ɗin mijin. An rubuta: asalinsa ba a tantance ba.

Na ce, "Inna, sai kin kawo katinsa na soja, na ainihi."

Ta taɓa wata laya a wuyanta. "Ga shi nan, ɗana. Dukawa suka ɗinke min shi da fata, kada gara ta ci."

"To a farke."

"In farke in ba ku, ku ɓatar kamar hotunana? Ranar da manyanku za su zauna, ranar zan farke."

Kwamitin manyan namu bai sa rana ba sai Satumban 2011, gari ya riga ya rikice da yaƙi. Ni na aika mata garin Samnu, inda take aikin lambu, na ce ta zo da katin.

Ayouba ne ya rako ta. A shingen hanya wasu samari masu bindiga suka sauke duk baƙaƙen da ke motar. Ɗaya ya ga layar, ya ce sihiri ne, ya fizge har igiyar ta yanke mata wuya. Ya tsaga ta da wuƙa. Katin ya faɗo, da hoton baƙin saurayi cikin kakin soja. Ayouba kuwa kamar an tsaga kara da ubansa.

Suka ce Ayouba ne a hoton, sojan haya. Ta yi ta ihu su karanta shekarar da ke katin, babu wanda ya duba. Suka farfasa masa baki da gindin bindiga. Da ta kwanta a kansa suka karya mata hannu, suka ja ta gefe, suka harbe shi sau uku a bakin kwalta. Direban ne ya tsinto katin.

Bayan kwana arba'in ta zo ta ajiye shi a teburina, da jini a gefensa.

"Ga na ainihin. Wa za ku rubuta yanzu?"

Na saka shi a fayil, na rubuta kwanan wata. Kwamitin bai zauna ba.

Housseina ta koma unguwar Hajara a Sabha tana wankau da hannu ɗaya. Ta rasu a Yulin 2019, ba a rubuta ta matar soja ba. Katin yana wurina.