Rabon Masu Kala

Duk lokacin girbi akwai hayaƙin da ke sauka a kan Alƙahira, na karan shinkafa da manoma ke ƙonawa. Mutanen gari tsine masa suke yi, ni kuwa da ya shigo ɗakinmu na unguwar Ard al-Liwa sai zama ya gagare ni. A 2013 abin ya fi tsanani. Ga dokar hana fita, ga mu huɗu a ɗaki ɗaya, na ji kamar an ɗaure ni a turke. Wata ranar da ba karatu na ari kyamarar abokin zamana, na faɗa ƙaramar bas, ban ma tambayi inda za ta tsaya ba.

Da muka bar Giza a baya sai na sauka a bakin gonaki. Dabino ya nuna jajir, ana karyar masara, jakuna na jan amalanke. Na dinga ɗauka kamar an ce gobe za a tashi ƙauyen. Can a wata gonar dankali da aka gama tonewa na hango tsohuwa a duƙe cikin baƙar riga, tana yamutsa ƙasa da yatsu, tana jefa abin da ta samu a buhu. Kala take yi, wato tsintar abin da masu gona suka bari. Na saita, na danna.

Kafin ka ji abin da ya biyo baya, bari in kai ka gonar kakana.

Kakana ba ya tsince gonarsa tas. In an cire gyaɗa, sai ya ce abin da ƙasa ta riƙe a bar shi, rabon masu kala ne. Ni kuwa shekarata tara, ga rawar kai, ga son a yaba mini. Wata rana da kowa ya tafi gida na tsaya da 'yar fartanyata, na bi gonar layi-layi har na cika ƙwarya. Na kai masa ina washe baki.

Bai karɓa ba. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Gobe tsohuwar bakin kasuwa za ta zo. Me za ta tarar?"

Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ɗa ba jika. Na ce to, a kai mata ƙwaryar gida mana.

"In ka kai mata gida ya zama sadaka, ita kuwa ba ta taɓa miƙa hannu ba. Abin da ta tona da yatsunta nata ne. Je ka mayar, kada kuma ka tara wuri guda ta gane."

Haka na koma bayan la'asar, ina binne gyaɗa ɗai-ɗai, ina kuka, ina zagin tsohuwar a zuci. Washegari da ta shigo, kakana ya kora mu can ƙarshen gona ɗaurin harawa. Shi kansa bai waiwaya ba har ta tafi.

To, ina ƙoƙarin sake dannawa a gonar dankalin nan sai wani tafin hannu ya rufe bakin kyamarar. Mai gonar ne, dattijo da rawani. A shekarun nan baƙo mai kyamara ɗan leƙen asiri ne har sai ya wanke kansa. Amma murya ya sassauta don kada tsohuwar ta ji.

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana. Ɗauki jakin, ɗauki dabinon, ni ma ɗauke ni. Ita dai ƙyale ta."

Sai a lokacin na lura baya ya juya mata. Kunya ta rufe ni. Na ce tamam, na rataye kyamarar, amma ban gaya masa na riga na ɗauka ba.

Yanzu gonar kakana tana hannun 'yan'uwana. Ranar da aka cire gyaɗa ranar ake tsince ta tas. Ban ga laifinsu ba, bakuna sun yi yawa, sai dai ban san inda masu kala ke zuwa ba. Hoton kuwa shi ya fi duk na ranar kyau, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Nakan buɗe shi in ce yau zan goge, sai in rufe. Fuskarta ta fito sarai, ba ta kuma san an gan ta ba.