Ranar da Aka Kira Kawu Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutumin Gwandu ne, amma shagonsa na Kalgo. Da ɗalibai suka fara cika garin saboda jami'a, sai ya kama shago a bakin titi, yana sayar da shinkafa da taliya da manja da sabulu. Shagon bai fi ɗakin kwana ba, sai dai allon da ya kafa a kansa ya kusa rufe ƙofar maƙwabcinsa. A majalisar Gwandu kuwa, in ya ce "harkokinmu na Kalgo", sai ka ɗauka tireloli ke jiran sa hannunsa.

Ina koyarwa a wata firamare a Kalgo lokacin da maganar sabuwar dokar haraji ta shigo. Kafin a ji bayaninta, jita-jita ta riga ta gama kasuwa: wai duk kuɗin da ya shiga asusun mutum na banki, gwamnati za ta yanki rabonta. Kawu ya kira ni shago, ya rage murya.

"Malam, ka ji abin da ka faruwa? Irinmu manya suka nufa."

Na ce ya dakata mu ji gaskiyar magana. Bai dakata ba. Washegari ya sa aka sauke allon, ya kwashe rabin buhunan shinkafa ya kai gidan wani amininsa a Dangoma, ya kuma daina karɓar kuɗi ta waya. Ɗalibai kuwa ba sa yawo da kuɗi a aljihu. Sai su zo, su zaɓi kaya, su ɗaga waya, kawu ya girgiza kai, su ajiye su shiga shagon maƙwabci. Haka ya zauna makonni yana korar ƙuda, yana yaba wa kansa dabara.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan kasuwa ta gayyato wani jami'in haraji daga Birnin Kebbi ya yi bayani. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro. Kawu ya zo da babbar riga, ya zauna sahun gaba, ni ina bayansa. Jami'in mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ba wanda zai taɓa kuɗin da ɗanka ya turo maka na cefane. Ya ce kowa ya yi rajista, ya raba asusun shago da na gida, ya riƙa ajiye rasit. Sannan ya ce masu ƙaramin samu doka ta ɗauke musu harajin.

Kawu ya ɗaga hannu, ya gyara murya.

"To, mu da harkarmu ta yi nisa fa?"

Jami'in ya tambaye shi abin da yake sayarwa, da ko yana da ma'aikata, da kimanin cinikinsa. Kawu ya amsa, har da ɗan ƙari, don na san shagon. Mutumin ya yi murmushi irin na mai ba da albishir.

"Baba, kwantar da hankalinka. Kai ƙaramin ɗan kasuwa ne. Da wuya a nemi wani abu a wurinka."

Wani daga baya ya ce, "Alhaji, barka!" Aka yi dariya, wasu har da tafi. Na ga wuyan kawu ya sanƙare.

Ranar na raka shi Gwandu. Muka isa gida. Matarsa ta kawo fura, ta ga fuskarsa, ta dube ni.

"Lafiya? Sun ci shi tara ne?"

Na ce a'a, yafe masa aka yi. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Kawu ya ture kwanon.

"Gaban mutane wanga yaro ya ce mini ƙarami! Ni!"

Ta ce, "To Alhaji, ka je ka roƙe su su karɓa mana." Ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ashe ya ɗauki shawarar. Bayan kwanaki ya sa na nemi izini a makaranta, muka tafi ofishin haraji. Wata ma'aikaciya ta yi masa rajista, ta ba shi lambarsa. Ya tsaya bai tafi ba, ya ce yana so a sake duba lamarinsa da kyau, ko an yi kuskure. Ta duba, ta ce babu kuskure. Da ta ga ransa ya ɓaci, sai ta ce, "Baba, in shago ya bunƙasa, da kanmu za mu neme ka."

Ya ce, "Allah shi nuna muna," da iyakar gaskiyarsa.

Da aka je kwaso shinkafar daga Dangoma, an tarar ɓeraye sun fasa wasu buhunan. Bai ko yi faɗa ba. Ya koma karɓar kuɗi ta waya, ya sayo firji mai aiki da hasken rana, ya fara buɗe shago da an sallame asuba. Ɗaliban sun dawo sannu a hankali, ko da yake maƙwabcin ya riƙe da yawansu.

Ni kuwa, a wata na gaba na je shagon ina ƙorafin abin da aka cire mini a albashi tun kafin ya iso hannuna. Kawu ya saurare ni har na gama, ya ja dogon numfashi.

"Kai dai ka gode Allah, Malam. Kai an san da kai."