Turken da Inna Ta Tuge

Bayan shekarun fari, komanda, mai mulkin yankin, ya tara mutanen Magarya kan batun hanyar ƙafa da za a fitar a bakin korama. Ni, malamin lakwal, wato makarantar boko, nake wa injiniyan da aka kawo don aikin tafinta. Maza suka amince da miƙaƙƙen layinsa, alhali rabinsu ba su taɓa bin wurin da damina ba.

Sai Innata, mai tallar nono, ta tuge turke guda cikin waɗanda ya kafa a kan layin, ta nuna farar ƙasar gindinsa.

"Gaya wa yaron nan kanwa ce. Ruwa na sauka, sai santsi. Ya bi sawunmu, mu masu ƙwarya a ka."

Na fassara, ban rage ko "yaron" ba. Har yau hanyar a karkace take, kuma kowace lanƙwasa tata ce.