Matar da Ke Auna Iska

"Malama Hayaƙi" ɗalibai ke ce mata a bayan ido, ita ma ta sani. Shekara ashirin da huɗu tana koyar da ilimin sinadaran da ke cikin iska a jami'a. Kowace safiya kafin aji sai ta hau rufin sashensu ta cire takardar tace iska daga na'ura. Fara fat take saka ta, washegari ta ciro ta kamar an goge gindin tukunya da ita. Ta auna, ta rubuta kwanan wata, ta jefa a ambulan.

Aure bai zauna mata ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk Asabar ƙaninta kan zo da 'ya'yansa su cika mata falo da hayaniya.

"Yaya, har yanzu iskar ake aunawa? Mudu nawa kika samu yau?"

Sai ta yi dariya ta ƙara masa shayi.

Ƙanin nan a masana'antar narka tsofaffin batura yake aiki, bayan layin dogo. Ita kuwa shekara uku tana bin sawun gubar dalma da take gani a takardunta. Ta kafa na'urori a makarantun firamare biyu da wani ƙaramin asibiti, har bincike ya tsaya a kan bututun hayaƙin masana'antar. Kafin ta miƙa wa hukuma rahoto, ta sami ƙanin nata har gida.

"Ki bari in sami wani aikin," in ji shi. "Wata shida kacal."

"Yaran unguwar fa? Su yi ta shaƙa har wata shida?"

"Nawa yaran ba yara ba ne?"

Ta jira sati biyu, abinci ba ya shiga, sannan ta miƙa. Hukuma ta rufe masana'antar. Aka ba ta lambar yabo, aka ɗauki hoto, babu danginta ko ɗaya a wurin. Ƙanin ya kwashe iyali ya koma wani gari yana tuƙin babbar mota. In ta kira, matarsa ke ɗauka: "Ya fita, Yaya." Wani lokaci tana jiyo tarinsa a kusa da wayar.

Bara ta yi ritaya. Sabon shugaban sashen ya ce ana bukatar ɗakin ajiyarta, sai ta kwashe kwalayen ambulan goma sha tara ta jera a gida.

Kwanan baya wata likita daga ƙaramin asibitin ta rubuto mata cewa gubar ta ragu sosai a jinin yaran. Ta karanta sau biyu. Ta ɗauki waya don ta gaya wa wani, ta bi sunaye daga sama har ƙasa. A ƙarshe ta kira tsohon mai gadin sashen, wanda ke buɗe mata ƙofar rufi. Ya saurara har ta gama.

"To madalla, Malama," in ji shi. "Gwiwar fa, da sauƙi?"