Gaisuwar Jan Kunne

A flat ɗinmu, a wani gidan bene na unguwar Deptford a London, babu murhu, sai wata hita mai gas wadda Kaka take kira "wutar da ba ta san itace ba". Daga Kano ta zo yi wa Mama wankan jego, sai zama ya kama ta. Da sanyi ya shigo, rana ta faɗi tun la'asar, ni da ƙanwata Bilki mukan kwanta a gaban hitar nan bayan magariba, ita kuma ta miƙe ƙafafu cikin safar Baba.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji ta, da Hausarmu ta 'yan London da take cewa ta fi kunun da ba tsamiya salam. Ni take kira maigidanta, mijin da bai taɓa cefane ba.

Labari ɗaya ne ba ta buɗe shi da ga ta nan, domin a cewarta ba ƙarya ba ne. Tana yarinya lokacin yaƙin Hitila, gonarsu tana bayan filin jirgi. Akwai wani saurayin Bature mai koyon tuƙin jirgi da yake zuwa a keke sayen gyaɗa wurin Inna, mahaifiyarta. Rana ta gasa masa kunnuwa, sai suka sa masa Jan Kunne. Sunansa na gaskiya ba wanda ya tambaya. Wata safiya da damina yana gwajin sauka, jirgin ya yi tari, ya faɗo cikin gero. Inna ce ta fara isa. Ta ɗora kansa a cinyarta, ta jiƙa masa leɓe da ruwa, yana ta kiran uwarsa har ya yi shiru. Ta cire mayafinta ta rufe shi kafin sojoji su zo.

"Har Inna ta rasu abu ɗaya ke cin ta," in ji Kaka. "Ɗan mutane ya mutu a hannunta, ba ta yi wa uwarsa gaisuwa ba. Ta ce duk wanda Allah ya kai ƙasarsu a cikinmu, ya kai."

Kaka ta ɗauka London kamar unguwarsu ce, ka ce ina gidan su wane a nuna maka. Ta tambayi direban bas, ta tambayi mai kifi a kasuwa, Baba ya yi ta fama da ita. Mu dariya muke yi, ita kuwa abin yana mata nauyi ƙwarai.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata tsohuwa, Anti Doris, mai zaman kaɗaici. Wani Nuwamba, lokacin da kowa ke maƙala jan fure a ƙirji don tunawa da mamatan yaƙi, Mama ta aike ni kai mata ƙosai, na ga hoton wani saurayi da hular sojan sama a kan talabijin. Ta ce wanta ne. Bai taɓa ganin yaƙi ba, a wajen koyo jirginsa ya bugi tsauni a arewacin ƙasar nan ta Turawa.

Da na koma sama na ba da labari, Kaka ta tashi ta ɗauko mayafi.

"Kaka, it's not him," na ce. "Ba shi ba ne. Ba a Kano ya faɗi ba."

"Na ji. Wuce mu je, maigida, yau za ka yi amfani."

Da muka shiga, Kaka ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa kamar yadda ake yi a gidan makoki. Ta ce, "Ya haƙuri?" Na rasa yadda zan juya shi, na yi ta kame-kame. Ta ba da labarin Jan Kunne tiryan-tiryan, ina fassarawa, har wurin cinya da mayafi. Anti Doris ta riƙe hannun kujera. Ta ce su an ce musu kawai ya mutu, kuma mahaifiyarsu ta tafi kabari tana tambayar ko akwai wani kusa da shi. Maƙwabta ma ba su cika zancensa ba, tunda ba a fagen fama ya faɗi ba.

"Gaya mata," in ji Kaka, "inda duk yaro ya faɗi, akwai uwar wani kusa. Ni ganau ce."

Ban san ko gaskiya ne game da wannan tsaunin ba, Kaka ma ba ta sani ba. Amma na ga tsohuwar nan ta sauko daga kujera da ƙyar ta zauna a ƙasa kusa da ita, suka yi kuka tare ba mai jin yaren wani.

A matakala Kaka ta tsaya tana haki, ta ce, "Inna, na kai."

Na daɗe ina ganin kuskure ta yi, ta kai gaisuwa gidan da ba nan aka aike ta ba. Ban daina ganin haka ba sai da Kaka ta rasu a wani asibiti a nan, ina kan hanya ban iso ba, wata nas da ban taɓa gani ba ta tare ni a ƙofa. Ta ce kada in damu, tana riƙe da hannun Kaka har ƙarshe.