Diyyar da Aka Karɓa da Sunan 'Yata

A shekarun da muka zauna a unguwar Kurayyat ta Jidda, gidanmu ɗaki uku ne a ƙasa, sai wani ɗan ɗaki a saman rufi da maigidana ya haɗa da bulo da kwano don haya. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo hajji bai koma ba. Sana'arsa bin takardun mutane a ofisoshi: sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, canjin kafili, wato mai tsaya wa baƙo, duk abin da ke buƙatar tsayuwa a layi da sanin wanda za a gaisar. Ni kuwa ina shekara tara aka zo da ni daga Kano, na tashi da Hausa da Larabci duka a bakina.

Wata mata 'yar Maraɗi ce a ɗakin saman. Umra ta kawo su ita da mijinta suka maƙale. An kama mijin a wurin aikin gini aka mayar da shi gida tana da cikin wata bakwai, daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. A ɗakin nan ta haihu, ni na yanke cibiyar. Gyaɗa da alawa take kasawa a bakin wata makarantar firamare, Yaya take ce mini. Wata biyar ne tsakanin 'yarta da 'yata, a kwano ɗaya suke cin abinci. Sai dai 'yata tana da takardar haihuwa da kati a mustausaf, wato ƙaramin asibitin kuɗi na unguwa, 'yarta kuwa babu ko ƙyallen takarda da ya ce an haife ta.

Yarinyar na shekara huɗu ta fara kumbura, fuska da ƙafafu. Wani likita da ke duba marasa takarda a bayan wani kantin magani ya ce ƙoda ce, ya ɗora ta a kan wasu ƙananan fararen ƙwayoyi kullum da safe. Kumburin ya saɓe. Amma ya ja wa uwar kunne cewa maganin yana raunana jiki, kada ta bari yarinyar ta kusanci mai ƙarambau.

Da ƙarambau ya shigo layinmu, gida uku a mako guda, sai ta sauko wurina ina tsinkar ganyen mulukiya na miya.

"Yaya, an ce akwai pikir, allurar rigakafin ƙarambau, a mustausaf. Na haɗa kuɗin. Katin ne ba ni da shi."

'Yata ta riga ta yi nata ƙarambau tana shekara biyu, a gidan kakarta a unguwar Bani Malik, ba a kai ta asibiti ba. Katinta babu hoto, sai na ce mu yi amfani da shi. Ban ga wata matsala ba, ban kuma gaya wa maigidana ba. Washegari da hantsi muka tafi mu uku.

Nas ɗin 'yar Indiya ce, siririya, Larabcinta a karye. Ta buɗe fayil ɗin 'yata ta fara tambaya. Akwai zazzaɓi? Na ce babu. Tana shan wani magani?

Maƙwabciyata ta taɓa ni. "Me ta ce?"

Na fassara mata.

"To gaya mata ƙwayoyin nan," in ji ta, ta sa hannu cikin abayarta za ta zaro su.

Na danne hannun. Fayil ɗin da ke gaban nas na yarinya ne da ba ta taɓa ciwon da ya wuce mura ba. Idan ƙwayoyin suka fito za a kira likita, likita zai tambayi wanda ya rubuta su, daga nan sai maganar katin aro, sai iƙamar maigidana. Duk wannan ya gilma mini kafin nas ta ɗago kai. Na ce mata babu komai. Ta yi alama a takarda, na sa hannu a gurbin uwa, aka yi allurar. Har alawa ta ba yarinyar.

Kamar mako biyu bayan nan ƙuraje suka feso mata, har cikin baki da fatar ido. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Rana ta huɗu bayan azahar na ji ihun uwar daga sama, na hau na tarar yarinyar ta sandare, idanu sun kafe. Babu yadda za a yi sai babban asibiti, babu kuma katin da za a nuna sai na 'yata. A cikin mota maigidana ya ji labarin duka. Kwana uku bai ci abincina ba.

A asibiti ni ce uwa. Uwar gaske kuwa mai aikina ce, haka muka ce. Idan lokacin ziyara ya ƙare ita ake kora, ni a bar ni. Takan zauna a gindin katangar waje har a sake buɗe ƙofa. Mun fi wata guda a can. Da aka sallami yarinyar, ba ta iya tsayuwa sai an riƙe ta, kanta na rawa, hannun dama ya lanƙwashe, duk surutunta ya tafi sai kalma ɗaya, Inna.

Kafin sallamar ne babban likita ya kira mu. Ya gano maganin ƙodar, dole muka ce mun saya ne a waje. Ya ce yaron da ke shan wannan magani ba a yi masa allurar ƙarambau sam, domin ƙwayar cutar da ke cikin allurar ce ta bazu har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya buga tebur ya ce, wane ne ya yi wannan allura bai tambaya ba?

Na buɗe baki, maigidana ya taka mini ƙafa.

A hanyar gida ya saya mini lemo mai sanyi, abin da bai yi ba tun ina amarya. Ya ce akwai kwamiti mai sauraron ƙarar kuskuren asibiti, har da alƙali a ciki, kuma ana yanke diyya gwargwadon abin da ya lalace a jikin mutum. Yana da abokin da yake lauya.

Na ce, "Alhaji, ai ta tambaya. Ni na ce babu."

"Da wane Larabcin ta tambaya? Wa ya ji? Takardar da kika sa wa hannu da Turanci take. Ba ki gane ba, khalas."

"In aka ce in rantse fa?"

"Ba za a kai nan ba. Ko kin fi so a ce ke kika nakasa 'yar mutane da katin ƙarya? Zaɓi."

Da yamma ya kira maƙwabciyata tsakar gida. Ya ce haƙƙin 'yarta zai ƙwato mata, duk abin da aka samu na maganin yarinya ne, shi lada kawai yake nema. Ta durƙusa har ƙasa tana sa masa albarka. Ni ina tsaye a ƙofar kicin.

An ba mu takardar kai yarinyar gashin ƙashi sau biyu a mako, an ce idan aka fara da wuri hannun zai iya miƙewa. Maigidana ya karɓi takardar ya sa a aljihu. Ya ce a dakata sai likitocin kwamiti sun auna nakasar tukuna, kada a je a gyara abin da za a biya. Uwar ba ta san da takardar ba. Da kanta take ɗumama man zaitun tana murza hannun, maigidana kuwa ya ce mata likita ya hana. Wata bakwai aka yi kafin a auna. Zuwa lokacin yatsun sun shige cikin tafin hannu, sai an ɓanɓare su ake wanke wurin.

Duk ranar zaman kwamitin, sai a sa wa yarinyar rigar 'yata, ni in rungume ta, uwar ta biyo mu da jakar kaya ta tsaya a baranda. Yarinyar ba ta yarda da ni. Takan miƙa hannun hagu wajen ƙofa tana kiran Inna har muryarta ta dishe. Wani daga cikin masu zaman ya tambayi abin da take nema. Maigidana ya yi murmushi ya ce ta shaƙu da mai aiki ne, kun san yaran yanzu.

A zama na uku aka kawo nas ɗin. Ta rame. An riƙe fasfonta, an hana ta fita ƙasar sai an gama shari'a. Da ta gan ni sai ta saki fuska kamar ta ga mai ceto.

"Mama, na tambaye ki," ta ce da karyayyen Larabcinta. "Na ce akwai magani? Kika ce babu. Ki tuna, Mama."

Aka juyo gare ni. Na dubi kan yarinyar da ke cinyata na ce ban gane abin da ta faɗa ba a ranar, na ɗauka sunan yarinya take tambaya. Nas ɗin ta yi ta kallona.

Mai mustausaf ɗin bai so maganar ta yi nisa a rufe masa wuri. Ya nemi sulhu, lauya ya shiga ya fita, aka daidaita. Laifin duka aka jibga wa nas. Na ji daga baya an zaftare albashinta na watanni, sannan aka sa ta a jirgi. Mai sharar wurin, wata Bahaushiya, ita ta gaya mini nas ɗin tana da 'ya'ya biyu a garinsu da uwa mai ciwon shanyewar jiki.

Da sunan maigidana aka rubuta cakin, a matsayin uban yarinya. Bai gaya mini nawa ba ne. Na dai ga sabuwar farar mota mai buɗaɗɗen baya a ƙofar gida, na ga an sa na'urar sanyaya ɗaki a ɗakinsa da nawa. Maƙwabciyata kuwa, ya kawo mata keken guragu na hannu, ya ce ya yafe mata hayar wata uku. Keken ba ya hawa matakala, a ƙasa ake barinsa.

Ta yi haƙuri har bayan babbar salla. Ran nan ta sauko da yarinyar a goye, ta same shi yana shan shayi.

"Alhaji, na zo ne kan maganar kuɗin yarinya. Ina so in kai ta wurin masu gashin ƙashi."

"Wace yarinya?"

Ta yi dariya kaɗan, ta ɗauka wasa ne. "Ga ta a bayana."

"Wadda aka yi wa allura 'yata ce, wadda aka kwantar 'yata ce, wadda aka biya wa diyya 'yata ce. Ke kina da 'ya a ƙasar nan? Nuna mini takarda."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kai ka ce na maganinta ne."

"Lauya ya ci nasa, wahalata fa? Kin san ofis nawa na shiga? Na ba ki keke, na ba ki ɗaki. Me kuma?"

"To zan je mustausaf in faɗi gaskiya. In gaya musu ba 'yarka ba ce."

Ya ajiye kofin a hankali. "Yalla, ƙofa a buɗe take."

Sai ta juyo wurina. "Yaya, ke kika danne mini hannu ranar nan. Ba za ki ce komai ba?"

Na ce tukunyata na kan wuta, na shige kicin. Babu komai a kan wutar.

Kwana biyar bayan haka maigidana ya fita tun da asuba, abin da bai saba ba. Wajen ƙarfe tara masu kame suka zo. A layinmu kusan kowane gida akwai marar iƙama, amma ba su ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, kai tsaye suka hau samanmu. Suka sauko da ita ko takalmi babu, yarinyar a kafaɗa. Ta wuce ta gaban tagata ba ta waiwayo ba. Kafin mako ya zagayo ya kai keken kasuwar gwanjo, ya zuba wasu leburori biyu a ɗakin.

Sau ɗaya na je wurin da ake tsare waɗanda za a mayar gida. Na kai tuwo da zannuwa biyu da ragowar maganin ƙodar. Mata sun cika wurin maƙil, zafi kamar a tanda. Aka yi ta kiranta har ta matso bakin ƙarfe. Ta karɓi maganin, ta bar mini sauran a hannu. Ta ce in rubuta mata sunan ƙwayoyin da manyan baƙaƙe yadda mai kantin magani a Maraɗi zai iya karantawa. Na rubuta a bayan wani rasit, ta karɓa ta koma cikin mutane.

Rahoton likita ya zauna a hannun maigidana, da hatimi da sunan 'yarmu. Bai bar shi ya kwanta ba. Duk azumi sai ya yi kwafinsa ya zaga gidajen masu hali da ke raba zakka, ya ce yana da 'ya nakasasshiya. Idan wani ya ce zai aiko a duba, sai a tura 'yata gidan kakarta, a ce an kai mai jikin asibiti. Ita tana can tana tsalle da igiya, ba ta san abin da ake yi da sunanta ba. Ni nake yi mata kitso in raka ta bakin titi.

Shekara biyu da tafiyarsu wata 'yar Maraɗi ta zo umra ta sauka a layinmu. Na lallaɓa na tambaye ta. Ta san matar, ta ce a tasha take sayar da ruwa. Yarinyar kuma ta rasu da damina, kumburin ne ya dawo bayan magani ya ƙare.

Na gaya wa maigidana muna cin abincin rana. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya ƙara miya. Can ya ɗago ya ce kada in yaɗa maganar a layi, azumi saura wata guda, kuma akwai gidaje biyu da suka yi masa alkawari. Ban gaya wa kowa ba.